Wata uku a Leeds: Darasin da na koya game da kai ƙarar laifin ƙiyayya

Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Leeds a farkon watan Oktoban 2024, bayan tafiyar sa'o'i biyu da 'yan mintoci daga Landan, da niyyar yin wata uku ina bincike a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin. Kafin in bar gida, duk wanda ya zo yi mini sallama sai ya haɗa da gargaɗi. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wata biyu kacal kafin tafiyata, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Ingila da dama bayan kisan wasu yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yuli, sa'ad da aka baza ƙaryar cewa wanda ya kashe su Musulmi ne mai neman mafaka. An yi wa masallacin garin ruwan duwatsu, an kuma yi yunƙurin cinna wuta a wani otal da aka sauki masu neman mafaka kusa da Rotherham, tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya daga Leeds ba. Abin ya kai har gwamnatin Nijeriya ta fitar da sanarwar jan kunne ga 'yan ƙasarta. Mahaifiyata ta dunƙule nata wa'azin a jimla guda: "Ka yi abin da ya kai ka, kowa ya faɗa maka baƙar magana ka bar shi da Allah."

Birnin da na tarar bai yi kama da wanda ake tsoratar da ni da shi ba. Leeds gari ne da ya yi arziki da ulu da ɗinkin tufafi, yau kuma yana da mutum fiye da dubu 800. Unguwannin da ke kewaye da jami'o'i cike suke da jerin gidajen jan bulo, bayan wannan manne da bayan wancan, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙu, yanzu kuma ɗalibai ke haya. Daga nesa ana hango farar hasumiyar ginin Parkinson na Jami'ar Leeds, inda Wole Soyinka ya yi karatu a shekarun 1950, Ngugi wa Thiong'o kuma ya biyo bayansa a shekarun 1960. A kasuwar Kirkgate, inda kamfanin Marks & Spencer ya fara da ɗan tebur a 1884, na sayi doya da kuɓewa da manja. Babban masallacin da ke unguwar Hyde Park a da coci ne. Mutanen garin kuma akwai sakin fuska: mai sayar da kifi kan kira kowa da kalmar ƙauna, fasinja ba ya sauka daga bas sai ya gode wa direba. Na faɗi wannan tun da wuri domin kada abin da zai biyo baya ya shafa wa gari guda baƙin jini.

A makon da na fara shiga harabar jami'a, na lura da wasu takardu da aka manna a ɗakin karatu, da ƙofar ɗakin cin abinci, har da bayan ƙofar banɗaki. Ashe a watan Oktoba ne ake makon wayar da kai kan laifin ƙiyayya a faɗin Birtaniya. Saƙon takardun ɗaya ne: idan an zage ka, ko an tsorata ka, ko an taɓa jikinka ko dukiyarka saboda launinka ko addininka ko nakasarka, ka faɗa, idan ma a gabanka aka yi wa wani, ka faɗa. Na karanta na wuce, ina ganin abin na yara 'yan aji ɗaya ne.

Ranar Juma'ata ta uku a garin, ina dawowa daga masallaci sanye da kaftani da hula, na ɗora kwat mai kauri saboda sanyi, sai wata mota ta rage gudu daidai inda nake. Kafin in waiga, an watso mini kofin lemo mai ƙanƙara ya jiƙe mini ƙirji. Wani saurayi ya leƙo ta taga ya ce in koma ƙasarmu, ya haɗa da kalmar da ke danganta ni da ta'addanci, suka fashe da dariya suka ƙara wuta. Duka abin bai kai daƙiƙa goma ba. Wata tsohuwa Baturiya da ke jan kekenta na cefane ta tsallako titi, ta miƙo mini takardar goge hannu, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ta ce ta riƙe rabin lambar motar, kuma a shirye take ta ba da shaida idan zan kira 'yan sanda. Na gode mata, na ce ba komai. Ta sake maimaitawa, na sake cewa ba komai.

A daren na lissafa wa kaina hujjojin yin shiru, kuma kowacce ta yi mini daidai. Baƙo raɓa ne, wata uku kawai zan yi. Ba a ji mini ciwo ba. Mutum mai shekaruna da matsayina ba zai je gaban hukuma kan kofin lemo ba. Sannan ga umarnin uwa. Na wanke kaftanina, na sauya hanyar da nake bi zuwa masallaci, na daina sa hula sai na isa bakin ƙofa. Na kira wannan haƙuri.

Bayan mako shida, a ƙarshen Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, wata ɗaliba 'yar arewacin Nijeriya da ke karatun digiri na biyu ta nemi ganina. Ɗalibanmu na can sun riga sun mayar da ni babban wa, tunda na girme su kuma malami ne. Ta zauna ta daɗe tana juya kofin shayi kafin ta yi magana. Kwana biyar da suka wuce, tana jiran bas da magariba, wani mutum ya fizgi hijabinta ta baya har ta durƙusa, ya tofa mata yawu, ya faɗi abin da ya faɗa game da Musulmi, ya yi tafiyarsa. Tun ranar ba ta sake zama a ɗakin karatu bayan la'asar ba, ta kuma ƙi zuwa darasi biyu na yamma, alhali jami'a na ƙirga halartar ɗalibin waje saboda sharuɗɗan bizarsa.

Na ce, "Malama, kin gaya wa hukumar makaranta?"

Ta ce, "Malam, don Allah a bar maganar. Da ƙyar maigidana ya yarda na zo. Idan ya ji, cewa zai yi in tattaro in dawo, ga shi fili aka sayar aka biya kuɗin nan, naira kuma ta faɗi. Kuma ina tsoron sunana ya shiga takardun 'yan sanda ya taɓa mini biza. Ka san a gida ma, wanda ya kai ƙara shi ke sayen takarda da biro."

Na tambaye ta inda abin ya faru. Ta faɗi sunan titin. Titin da aka watsa mini lemo ne, tsakanin wuraren biyu bai fi taku ɗari biyu ba.

Ban ce mutum ɗaya ne ya yi mana ba, kuma ban ce da na kai ƙara da abin bai same ta ba. Amma na san ina da rabin lambar mota da mai shaida a hannu, na watsar. Na san kuma na sauya hanya domin tsira da kaina ban gargaɗi kowa ba. A ranar na gane cewa haƙurin da nake taƙama da shi nawa ne a kan abin da ya same ni, ba ni da ikon yin sa a madadin wanda zai bi titin bayana.

Muka buɗe shafin kai ƙara na jami'ar a wayarta. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna da irinsa, kuma ƙofa biyu gare shi. Ta farko, mutum ya faɗi abin da ya faru ba tare da sunansa ba. Wannan ba ya kai ga hukunta kowa, amma yana nuna wa hukuma inda matsala ke taruwa. Ta biyu, ya bar sunansa a haɗa shi da mai ba da shawara, wanda zai zauna da shi ya shimfiɗa masa zaɓin da yake da shi, ba tare da tilasta masa zuwa wajen 'yan sanda ba. Bayan doguwar magana ta zaɓi ta biyu, bisa sharaɗin in raka ta.

A ofishin mai ba da shawarar ne na sami karatun da ya kamata in yi tun ranar da na ga takardun bango. Abu na farko da matar ta yi shi ne tabbatar wa ɗalibar cewa wanda aka zalunta ya kai ƙara, wannan ba ya taɓa izinin zamansa a ƙasa. Sannan ta bayyana mana yadda ake gane laifin ƙiyayya. Dole a sami abu biyu: aikin da dama laifi ne a doka, kamar duka, barazana, ɓarnar dukiya, zagi mai tayar da hankali a bainar jama'a ko tsangwama ta intanet, da kuma gaba da aka nuna wa mutum saboda abin da yake, ko abin da aka zaci shi ne. A Ingila da Wales ana lissafa fuskoki biyar: launin fata ko ƙabila ko ƙasar asali, addini, nakasa, jinsin da mutum ke sha'awa, da sauya jinsi. Ba sai zaton mai laifin ya zama daidai ba. Idan an doki ɗan addinin Sikh saboda rawaninsa ana zaton Musulmi ne, laifin ƙiyayya ya tabbata. Tofa wa mutum yawu da fizgar mayafinsa kuwa hari ne a idon doka, haka ma watsa masa abin sha. Ta faɗi wannan na ƙarshe ba tare da ta san da wa take ba.

Wannan tsari jini ne ya saye shi. Ranar 22 ga Afrilun 1993 wasu samari farare suka kashe Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, yana jiran bas a Eltham da ke kudu maso gabashin Landan. Sakacin da aka yi wajen bincike ya sa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a William Macpherson, wanda rahotonsa na 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin aikin 'yan sandan Landan. Daga rahoton ne aka ɗauki wannan ƙa'ida: idan wanda abin ya shafa, ko wani da ya gani, ya ɗauka ƙiyayya ce ta jawo shi, to wajibi ne a rubuta shi a haka, kada jami'in da ke kan tebur ya yanke hukuncin cewa ba komai ba ne. Wannan a matakin rubutawa ke nan. A kotu kam sai an kawo hujja. Idan hujjar ta tsaya, hukunci kan yi nauyi. Dokar 1998 ta ware laifuffukan da wariyar launi ta tsananta, aka ƙara na addini a 2001. Ƙaramin hari da iyakar hukuncinsa ɗaurin wata shida ne yana iya kaiwa shekara biyu idan gabar launi ko addini ta shiga ciki. Su kansu makasan Stephen, sai a watan Janairun 2012 aka sami biyu daga cikinsu da laifi.

Hanyoyin kai ƙara ma ta jera mana su. Idan ana cikin haɗari, a kira 999. Idan abin ya riga ya wuce, a kira 101, ko a cike takarda a shafin 'yan sanda mai suna True Vision. Wanda ba ya son tunkarar 'yan sanda kai tsaye yana iya bi ta ƙungiyoyi kamar Stop Hate UK, wadda a Leeds ɗin aka kafa ta a 1995, ko Tell MAMA da aka kafa a 2012 domin tattara bayanan hare-haren da ake kai wa Musulmi. Ta ja hankalinmu kan abin da ya kamata a rubuta nan take: rana da lokaci, wuri, siffar mutumin, lambar mota ko ta bas, sunan wanda ya gani, da ainihin kalmomin da aka furta komai muninsu, domin su ne hujjar ƙiyayyar. Ta ce a gaggauta, saboda hotunan kyamarorin tsaro ba sa daɗewa ake share su.

Daga nan ta tambayi ɗalibar ko ta san wani da irin wannan ya taɓa samu a wannan yanki. Ɗalibar ta girgiza kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gyara murya na ba da labarin kofin lemo. Ɗalibar ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi. A ranar na shigar da tawa ƙarar, bayan mako shida, ba lambar mota, ba mai shaida.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarin gishiri ba: har na baro garin ba a kama kowa ba. An ɗauki bayaninta, an ba ta lambar ƙara, an duba kyamarorin da ke kusa, hoton bai fito da fuskar mutumin ba. Abin da ta samu shi ne: sashenta ya karɓi uzurin darussan da ta rasa, aka ƙara mata wa'adin miƙa aiki, aka haɗa ta da mai kwantar da hankali, kuma ta koma ɗakin karatu. Ƙararrakinmu biyu sun shiga lissafi. A shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2024, 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta laifukan ƙiyayya 140,561, kusan bakwai cikin goma na launin fata ne, 10,484 kuma na addini. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar inda za a tura sintiri da inda za a ƙara fitila. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a wurin hukuma bai faru ba.

Tsarin yana da nasa raunin, kuma su ma sun sani. Binciken da Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar ta fitar a watan Oktoban 2019 ya nuna kashi 24 cikin 100 na ɗaliban da suka fito daga tsirarun ƙabilu sun fuskanci tsangwamar launin fata, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su gaya wa jami'arsu ba. Ta ɗaya gefen, akwai masu kukan cewa rubuta abin da bai kai laifi ba a kundin 'yan sanda yana danne 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a watan Disamban 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba wani tsohon ɗan sanda gaskiya a kan haka. A jami'a, inda muhawara ita ce sana'a, wannan kuka ba abin rainawa ba ne. Sukar ra'ayi ko aƙida daban, farautar mutum saboda asalinsa daban.

Kwana biyu kafin in taso, na gangara bakin kogin Aire domin ziyarar da na daɗe ina ɗagawa. A kan tsohuwar gadar Leeds akwai shuɗin allo mai ɗauke da sunan David Oluwale. Ɗan Legas ne da ya ɓuya a jirgin ruwan dakon kaya ya sauka a Hull a 1949, yana saurayi mai burin karatu. Ya ƙare da shekaru a asibitin masu taɓin hankali, sannan ya koma kwana a ƙofofin shaguna, inda wasu 'yan sanda biyu suka mayar da shi abin duka da wulaƙanci. An yi masa ganin ƙarshe ranar 18 ga Afrilun 1969, aka tsamo gawarsa daga kogin ranar 4 ga Mayu. Da maganar ta mutu tare da shi, ba don wani matashi mai koyon aikin ɗan sanda ya ji abin da ake raɗawa a ofis ya kai rahoto ba. A 1971 aka ɗaure sufeto da sajan ɗin bisa laifin dukansa, ko da yake an janye tuhumar kisa. Allon nan da aka buɗe ranar 25 ga Afrilun 2022, a daren ranar aka sace shi, 'yan sanda suka ɗauki satar a matsayin laifin ƙiyayya, mutanen gari kuma suka mayar da wani. Yau akwai gadar masu tafiya a ƙasa mai sunansa, da sassaƙen wani dogon fure dangin yakuwa, aikin Yinka Shonibare, da aka kafa a 2023. Na tsaya a kan gadar ina tunanin yawan mutanen da suka ga abin da ake yi masa suka ce ba ruwansu, da kuma yaro guda da ya ce da ruwansa.

Laifi tudu ne. A jirgin dawowa, jami'o'inmu ne suka tsaya mini a rai. Ɗalibinmu da ya je kudu ya san yadda kalmar "aboki" ke zama zagi a bakin wasu. Ɗalibin kudu ko na tsirarun ƙabilu da ya zo mana ya san ɗacin "nyamiri" da "arne". Mun san ɗakunan kwanan da ake ƙin wani saboda addininsa, da zaɓen ƙungiyar ɗalibai da ke rikiɗewa ya zama ƙidayar ƙabila, da zaurukan WhatsApp na aji inda wasa ke zama cin mutunci. Mun kuma san inda ƙaramin ƙurji ke kaiwa. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro. Kisan ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi, daga saƙon zauren aji ya taso. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, amma ɗalibin da aka ci zarafinsa yau da daddare, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Abin da na gani a Leeds ba ya buƙatar kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Ofishin kula da harkokin ɗalibai na iya buɗe kundi da lambar waya guda da kowa ya sani, tare da damar ɓoye suna. A ɗora wa aikin mutanen da kowane ɓangare ya amince da su, maza da mata, Musulmi da Kirista. A bayyana wa sababbin ɗalibai tun makon farko abin da ake kira cin zarafi da inda ake kai shi. A saurari wanda ake ƙara kamar yadda aka saurari mai ƙara, a hukunta mai ƙage. A ƙarshen shekara a fitar da adadin ƙararrakin da abin da aka yi a kansu. Amfanin wannan ƙofa biyu ne: tana ba wanda aka zalunta mafaka, tana kuma raba mai jin an taɓa addininsa ko ƙabilarsa da uzurin tara jama'a, tunda akwai inda zai kai kukansa.

Da na dawo na je gaida mahaifiyata, na ba ta labarin duka, har da saɓa umarninta da na yi a ƙarshe. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce ita cewa ta yi in bar wa Allah abin da aka yi mini, ba ta ce in ɓoye shaida ba. Allah Ya ba mu ikon bambance su, Ya kare 'ya'yanmu a duk inda neman ilimi ya kai su.